Ranar da Akwatin Yusha'u Ya Yi Shiru

A shekarar da gwamnati ta ce motoci su koma bin hannun dama, dokar da ba ta dami Birnin Gwari ba tunda direbobinta dama tsakiyar hanya suke bi, an yi bikin 'yancin kai a filin firamare da la'asar. Aka yi fareti, aka yi jawabin da babu wanda ya saurara, sannan aka ba samarin ma'aikata fili su yi kiɗansu na zamani.

Andrawus, malamin makaranta, shi ne mai busa ƙaho kuma shugabansu. A can gefe Yusha'u yake tsaye, ma'aikacin gandun daji, wanda ya dawo daga yaƙin basasa da tabo a gwiwa da wata jita mai igiya huɗu masu kauri da suke kira bes. Ita jitar ba ta da murya sai an haɗa ta da amfilifaya mai cin batirin mota, shi kuma ya tura sautin cikin wani baƙin akwatin lasifika da ya kai ƙugun mutum. Tsofaffi sun ce kukan akwatin kamar giwa ce ke ciwon ciki.

Huraira ba kallo ya kawo ta ba. Rediyon hedimasta ta kawo, wanda mahaifinta, Malam Nababa mai gyaran rediyo, ya gama gyarawa. Sanƙarau ya kama ta tana yarinya, ya bar mata rai ya tafi da kunnuwa. Tun daga nan da ido take jin magana, a kan leɓen mai yi. Abin da ya rage mata a duniyar sauti shi ne tsawa, ita ma sai ta kusa.

Tana tsakiyar fili sai ta ji wani abu yana buga mata ƙirji, yana hawowa ta tafin ƙafarta. Ta duba sama, babu hadari. Ta bi abin, ta ratsa 'yan makaranta, ta wuce gaban manyan baƙi ba ta rusuna ba, har ta isa gaban baƙin akwatin. Ta ajiye rediyon hedimasta a ƙasa, ta ɗora tafin hannunta a jikin katakon.

Yusha'u ya ga budurwa ta dafa masa akwati, idonta a rufe. Yatsunsa suka tsaya.

Ta buɗe ido ta dube shi. Da yake ba ta jin ƙarfin muryarta, har manyan baƙi sun ji abin da ta ce.

"Wa ya ce ka daina?"

Bai sake dainawa ba sai da aka kira magariba.

Zancensu bai bi tsarin da aka gada ba. Sauran samari da duhu suke zuwa ƙofar gida su yi ta raɗa. Shi Yusha'u raɗa ba ta da amfani a wurinsa, duhu kuma maƙiyi ne, don in ba ta ga bakinsa ba kamar bai zo ba. Saboda haka da hantsi yake zuwa ranar da ba aiki, ya zauna inda rana ke haska masa fuska, kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

"Hantsina," in ji shi, "daga yau sunanki ke nan."

"Saboda lokacin da kake zuwa?"

"Saboda leƙa gidan kowa. An ce babu asirin da ke wuce ki a kasuwar nan."

"Laifin masu magana da baki a buɗe ne. Kai kuma Tsawa. Kafin ka zo ita kaɗai ce ke min magana."

Daga baya ya gano ba ya bukatar murya ko kaɗan. In motar gandu ta ɗauko su za su shiga daji wajen Gayam, sai ta bi ta gaban shagon Malam Nababa, inda Huraira ke zaune tana goge lasifikokin rediyo. Yusha'u yana bayan mota, sai ya motsa leɓe kawai.

"Na kwana da tunaninki, na tashi da shi. Zan dawo miki da zuma in ƙudan sun yarda."

Wata rana kuma: "Jiya na ga gwaggon biri ya yi fushi, ya yi kama da ke ranar da na makara. Ki yafe mini, Hantsina."

Abokan aikinsa sun ɗauka wuridi yake yi, har suna yaba masa tsoron Allah.

Malam Nababa kuwa ya san ba wuridi ba ne. Mutum ne da ya yi shekaru yana ci da iyalinsa daga akwatunan da ke waƙa tun safe har dare, amma bai taɓa ganin makaɗi a matsayin wanda za a haɗa zuri'a da shi ba. Da ƙanwarsa, Goggo Azumi, wadda ta riƙi Huraira tun rasuwar mahaifiyarta, ta nuna masa wannan, sai ya ce, "Mai ɗinkin ƙwarya ba dole ne ya ba mai burkutu 'yarsa ba."

Yana da nasa ɗan takarar: Salmanu, malamin awon auduga, mai sabon babur da agogon da yake yawan dubawa ko ba a tambaye shi lokaci ba. Salmanu ya yi kuskure ɗaya. Ya tsaya a tsallaken hanya, daura da shagon, yana hira da abokinsa.

Washegari da ya zo gaisuwa, Huraira ta tarbe shi da ruwa, ta jira ya sha.

"Malam Salmanu, jiya ka ce lada za ka nema da aurena. Ka kuma ce macen da ba ta jin abin da ake faɗa hutu ce. Ladan, ka nema a gyaran masallaci, rufinsa na yoyo. Hutun kuma, ka samu daga yau."

Babur ɗin bai tashi da bugu ɗaya ba, abin da ya ƙara wa tafiyar tsawo.

Malam Nababa ya ga ɗan takararsa ya faɗi, sai ya sauya dabara. Ya kira Yusha'u zaure.

"Ba ni da ta cewa a kan halinka, yaro. Aikinka na gwamnati ne, iyayenka mutanen kirki ne. Amma ba za a ce jikokina 'ya'yan makaɗi ba ne. Ran da ka rabu da wancan abin, ka turo magabatanka."

Ba a jima ba aka gayyaci su Andrawus biki a Dogon Dawa. Aka haɗa kaya, Yusha'u ya taɓa igiya, akwati ya yi shiru. Aka jijjiga shi, aka buga masa tafi a gefe, aka yi masa duk abin da ake yi wa jaki mai gardama. Ko tari bai yi ba.

Kafin su dawo gari labari ya riga su: Malam Nababa ya ɗaure bakin akwati da asiri. Shi kuwa bai musa ba, don ya lura tun da aka fara faɗin haka masu kawo gyara sun daina yi masa gardama.

Yusha'u ya je ya durƙusa a zaure. "Baba, akwati ya mutu. Na ɗauka ishara ce. Na haƙura."

"Madalla. Ka turo su."

Goggo Azumi ta shiga ɗaki da guɗa a bakinta, ta juyo da fuskar Huraira ta faɗa mata akwati ya mutu, babanta ya yarda da auren. Huraira ba ta yi murmushi ba.

"Ya mutu? Wa ya duba shi?"

"Ke ina ruwanki? An ba ki wanda kike so."

"A kawo gawar in gani, Goggo."

Ranar kasuwa da hantsi Andrawus ya turo akwatin a amalanke, da amfilifaya da batir da jita, ya sauke a ƙofar shago. Yusha'u na biye da shi kamar wanda za a kai wa alƙali.

Malam Nababa ya leƙo. "Ba na taɓa kayan makaɗa."

"Ba kai za ka taɓa ba, Baba," in ji Huraira. "Aron sukundireba kawai nake so."

Tun tana yarinya ita ke gwada masa lasifika. Shi yana saurare da kunne, ita tana ɗora yatsa a kan takardar da ke fuskar lasifikar, kuma sau da yawa yatsan kan riga kunnen gane wadda ta lalace. Bai hana ta sukundireban ba. Hana ta a gaban jama'a zai zama kamar yana tsoron abin da za ta gani.

Masu cefane suka fara tsayawa. Ba kullum ake ganin 'ya tana kwance asirin ubanta a bakin hanya ba.

Ta fara da wayar da ke tsakanin jita da amfilifaya, ta cire ta sa wata daga shago. Shiru. Ta duba amfilifaya, 'yar jar fitilarsa tana ci. Ta ɗauko ƙaramar lasifikar wani rediyo ta haɗa masa, ta ce wa Andrawus ya taɓa igiyar jita. Takardar ta yi rawa a ƙarƙashin yatsanta.

"Jita lafiya, amfilifaya lafiya. Ciwon yana cikin akwati."

"Hantsina," in ji Yusha'u da leɓe kawai, "ki bar shi. Don Allah."

Ta kalle shi, ta juya ta fara kwance bayan akwatin.

Da murfin ya fita, jama'a suka matso neman laya. Ba su ga komai ba sai gidan zanzaro a lungu da wata babbar lasifika mai faɗin faifai. Huraira ta shafa takardar, babu yagewa. Ta danna ta a hankali da yatsu, ta shiga ta dawo ba tare da gogar komai ba. Ta zare batura daga tocilar mahaifinta, ta haɗa su da 'yan wayoyi biyu, ta ɗora tafin hagu a kan takardar, ta taɓa wayoyin a ƙafafun lasifikar.

Takardar ta yi tsalle ta bugi tafinta. Na kusa sun ji wani ɗan "ɗum".

"Da ranta," in ji Huraira. "Wannan ba gawa ba ce."

Ta mayar da baturan bakin ramin da ake cusa wayar amfilifaya daga waje, ta taɓa. Babu motsi. Ke nan tsakanin ramin da lasifikar ne hanya ta yanke, kuma waya biyu ce kawai a wurin. Ta bi ta farko da yatsa har ƙarshe. Ta bi ta biyu, sai ta tarar da wani wuri a bayan katako an naɗe shi da baƙin salatif, tsaf, kamar ɗaurin kallabin amarya. Ta warware. Wayar ta rabu biyu a hannunta, bakin kowane ɓari sumul, yankan reza.

"Ɓera ne," in ji wani daga baya.

"Ɓeran nan ya iya reza," in ji Huraira, "kuma ya damu kada a gane, har ya naɗa salatif."

Ta miƙe ta fuskanci Yusha'u. Abin da ya biyo baya, kasuwa rabinsa kawai ta ji, don shi da leɓe yake magana, ita kuwa da muryar da Allah ya bar mata.

"Saboda ke na yi," in ji shi.

"Saboda ni? Ka tambaye ni?"

"Ba ni da wata hanya. In na ce na daina haka kawai, su Andrawus za su ce mace ta sa ni. In ban daina ba, na rasa ki."

"Sai ka yanke masa maƙogwaro ka bar mutane suna zagin ubana da asiri."

"Kiɗa ne kawai, Hantsina. Ke kin fi shi."

"A wurinka kiɗa ne kawai. Kai kana jin zakara, kana jin ruwan sama a kan kwano, kana jin kiran salla. Ni abu ɗaya na samu tun da na tashi daga ciwon nan, shi ne ka sa wa reza, ka zo kana ce min kyauta ce. Salmanu ya so ya aure ni don ba na ji. Kai kuma za ka aure ni ka tabbatar ban sake ji ba. Ku biyun wanne zan gode wa?"

Andrawus ya sami wani abu mai muhimmanci a tayar amalanke ya tsaya dubawa.

Huraira ta shiga shago ta ɗauko ƙarfen dalma daga kaskon gawayi. Malam Nababa ya tare ƙofa, ya sa fuskarsa inda za ta gani sosai.

"In akwatin nan ya yi magana, maganar aure ta mutu. Kin gane?"

"Na gane, Baba. In ya yi shiru ma ta mutu. Gara ta mutu ina jin wani abu."

Ta raɓa ta gefensa ta wuce.

Yusha'u ya bi ta da kallo. Sannan ya ɗauki jitarsa ya rataya, ya zo gaban Malam Nababa ya durƙusa da ita a wuya, abin da ba shi da sauƙi ga mai tabo a gwiwa. Wannan karon da murya ya yi magana, ya kuma juya yadda Huraira za ta ga bakinsa.

"Baba, ƙarya na yi maka. Ni na yanke. Ka yafe mini sunanka da na bari aka ɓata. Amma ba zan daina ba. In ka ba ni ita, makaɗi ka ba wa. In ka hana, zan dawo baɗi in sake roƙo, da jitar a wuyana."

Huraira kuwa ta riga ta fara haɗa wayar. Idon Malam Nababa na kan hannun 'yarsa, wanda fushi ya hana yin aikin da kyau. Dalmar ta taru a kan wayar guda guda kamar kashin awaki. Ya kau da kai. Ya sake dubawa. Akwai abin da uba zai iya jurewa, akwai kuma abin da mai gyara ba zai iya ba.

"Kawo nan. Wannan aikin in ya bar ƙofata cewa za a yi Nababa ne ya yi."

Ya karɓi ƙarfen, ya kankare abin da ta yi, ya fere bakin wayoyin, ya murɗa su, ya ɗiga dalma ɗigo ɗaya mai sheƙi. Ya mayar da murfi ya ɗaure.

Andrawus ya miƙo wayar jita don a gwada.

"Ba a ƙofata ba," in ji Malam Nababa.

Amma mai gyara ba ya sallamar aiki bai gwada ba. Akwai makirufon wani mai tallar maganin basir da aka kawo gyara, ya ɗauko ya cusa a amfilifaya. Huraira ta riga ta juya wa kowa baya, ta zauna a ƙasa ta jingina da akwatin, tana goge ido da bakin mayafi don kada kasuwa ta gani.

Malam Nababa ya riƙe makirufo bai san abin da zai ce ba. Ba mutum ba ne mai "halo, halo". Sai bakinsa ya faɗi abin da ya saba faɗa a shagon nan kullum, ga bayan da ba ya juyowa.

"Huraira."

Muryarsa mai kauri ce dama. Ta fito ta cikin akwatin ta girgiza katakon.

"Na'am, Baba."

Ba ta juyo ba tukuna. Amsar ce ta fita da kanta, kamar yadda take fita tun kafin ciwo. Sai bayan ta fita Huraira ta ji abin da ta yi. Ta juyo a hankali.

"Sake faɗa."

Malam Nababa ya sauke hannunsa. Ya ajiye makirufon a kan akwati da kulawar da ta wuce kima, ya shiga shago ya jawo ƙofa, ranar kasuwa, rana tsaka. Mai maganin basir ya zo karɓar kayansa aka ce ya dawo gobe.

Bayan sallar Juma'a ya aika aka kira Yusha'u.

"Ka turo su," ya ce, yana kallon wani rediyo da babu abin da ya same shi. "Amma ka sani, ni ma'aikacin gandu na ba wa, mai akwati. Abin da yake yi da akwatinsa, tsakaninsa da Allah da matarsa. Kuma in ya sake lalacewa nan za a kawo shi. Kada in ji an kai Kaduna."

"To, Baba."

"Reza kuma ka bar ta wa gemu."

An ɗaura auren bayan an kwashe dawa. Amarya ba ta zuwa wurin ɗaurin aure, a ɗaki take zama sai labari ya iso ta, kuma kowa ya ɗauka ita Huraira sai dai Goggo Azumi ta juyo da fuskarta ta faɗa mata. Amma tun da safe aka ga Malam Nababa a kan tsani yana jan waya daga zaure, ta kan katanga, ta bayan rumbu, har ɗakin Goggo. Wanda duk ya tambaye shi sai ya ce gwaji yake yi.

Aka shigar da baƙin akwatin ɗaki, aka yafa masa sabon zane don kada ya ji kunya a cikin mata. Huraira ta zauna da lallenta ta jingina bayanta da shi. Liman ya ɗan yi jim da aka miƙa masa makirufon mai maganin basir, sannan ya karɓa.

Ba kowace kalma ta kama ba. Amma ta ji muryar mahaifinta lokacin da ya ce ya bayar, ta ji amon fatiha ya taso daga bakin maza da yawa ya ratsa katako ya shiga ƙashin bayanta. Kafin Goggo Azumi ta buɗe baki, Huraira ta riga ta.

"An ɗaura, Goggo. Na ji."

Da la'asar su Andrawus suka kafa kaya a filin firamare, nesa da ƙofar Malam Nababa kamar yadda ya sharɗanta, ko da yake an gan shi a bakin filin yana cewa ya zo duba dalmarsa ne. Aka kawo amarya cikin ƙawaye, ta ɗaga mayafi kaɗan yadda za ta ga bakin ango.

"Allah ya bar mu tare, Hantsina," in ji Yusha'u, ba murya.

"Amin, Tsawa. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya ba mu 'ya'ya masu jin magana, tunda uwarsu ba ta ji ta kowa ba."

Tsofaffin da ke kusa suka ce amin, wasu da dariya, wasu da gaske. Ta ɗora tafinta mai lalle a kan akwatin, ta dube shi.

"To, me kake jira?"